Waƙa Tamu, Mawaƙi na Wa?

Wata ranar Asabar da la'asar sakaliya, muna zaune a bakin shagon wani tela a unguwar Yalwawa cikin garin Dutse, sai ga wani saurayi ya sauko daga kan babur, ya durƙusa ya gaishe mu. Da ƙyar muka shaida shi. Tsohon ɗalibinmu ne da muka koya wa Hausa a 'yan shekarun baya, yaro mai kunya, wanda in aka ba da aikin insha'i sai ya kawo nasa da amsa-amo a ƙarshen kowane layi. Bayan an gaisa muka tambaye shi abin da yake taɓawa yanzu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, waƙa nake yi." Kafin mu buɗe baki ya yi wuf ya ƙara da cewa, "Amma fa Malam, ni ba maroƙi ba ne."

Wannan magana tasa ta ƙarshe ita ta tsaya mana a rai. Babu wanda ya ce da shi maroƙi. Shi da kansa ya tare zargin tun ba a jefo shi ba, alamar ya sha jin sa ke nan. Abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne, a daidai lokacin da yake wannan kare kai, muryar marigayi Alhaji Mamman Shata ce ke tashi daga wayar telan, mu kuwa duk muna ta gyaɗa kai. Muna jin daɗin makaɗin da ya rasu tun 1999, ga kuma rayayye a gabanmu yana neman tsari da sunan sana'ar. To, shin ya dace al'umma ta riƙa shan ruwan rijiya safe da yamma, amma in ta hango mai haƙar rijiyar sai ta kau da kai? In kuma ta yi hakan, tana da bakin da za ta zarge shi idan ya koma yana yi wa mutum ɗaya haƙa a cikin gidansa? Tambayar da muke son mu tattauna da mai karatu ke nan.

Tun da wuri ya kamata mu ware wani abu gefe. Ba hukuncin kiɗa a shari'a muke magana a kai ba. Wannan fage ne na malamai, sun kuwa daɗe suna kai-kawo a cikinsa, har Imamu Gazali ya ware wa sauraro babi sukutum a cikin Ihya'u Ulumiddini. Mutumin da ya gamsu cewa kiɗa haramun ne, ya toshe kunnensa, ya hana shi shiga gidansa da bikin 'yarsa, ba mu da ta cewa a kansa, domin maganarsa da aikinsa sun tafi tare. Da sauranmu muke, mu da muka fi yawa, waɗanda wayoyinmu ke maƙare da waƙoƙi, muna ji a mota, muna ji a gona, muna ji a ɗakin malamai lokacin tara, amma ranar da mawaƙi ya aiko neman auren ƙanwarmu sai mu ce a dakata tukuna a bincika asali.

Wannan ƙyama ba yau aka fara ta ba. Baturen nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a rubuce-rubucensa na shekarun 1950 yadda Bahaushe ke ajiye makaɗi da maroƙi a sahun ƙasa, kusa da mahauci, alhali kuwa babu sarauta ko biki da ke yin armashi sai da su. Sai dai tsohon tsarin nan, duk da rainin da ke cikinsa, yana da wani adalci nasa da bai kamata mu manta ba. Makaɗin fada yana da riga da hatsi, wani lokaci har da doki, daga ubangidansa. Mai gangar noma in an tashi daga gayya ba ya komawa gida hannu rabbana, in kaka ta yi kuma daminsa na nan. Mai kalangun mahauta yana da tsokarsa ranar kasuwa. Wanda ke yi wa 'yan mata kiɗa a dandali da farin wata yana tara kwabbansa. An raina shi, amma ba a bar shi da yunwa ba, kuma kowa ya san abin da ke kansa game da shi. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, kafin wayar hannu ta zo, ya ga ƙarshen wannan zamani da idonsa. Kiɗa kuwa a wannan yanki ya girme wa duk wani tsari da muka sani. A Birnin Kudu akwai duwatsun da ake bugawa su ba da amo kamar ƙararrawa, kusa da zane-zanen da mutanen da suka bari a jikin dutse, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, sai garin ya fara sauya kama. Ma'aikata suka taso daga Kano, unguwanni suka miƙe daga Garu zuwa Takur da Fagoji da Ɗanmasara, aka yi tituna da gine-gine, musamman tsakanin 2007 da 2015, sannan Jami'ar Tarayya ta zo a 2011 da dubban ɗalibanta. A cikin wannan sabon gari aka sami wani sabon irin mawaƙi wanda kakanninmu ba su san shi ba. Bai gaji kiɗa ba. Ubansa manomi ne, ko malamin makaranta, ko ma limami. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da sanƙira, ba shi da makaɗa. Ɗaki guda ya ishe shi, wanda aka manna wa katifar soso a bango, da kwamfuta, da fiyano irin na Yamaha ɗin nan da masu finafinan Kano suka yayata tun ƙarshen shekarun 1990. Shi ke rubuta baitinsa, ya biya mai situdiyo, ya rera, ya fito da waƙa a cikin filashi. Ba shi da ubangida. Abin da ɗalibinmu ke nufi ke nan da ya ce shi ba maroƙi ba ne, kuma a nan yana da gaskiyarsa.

To amma wanda ba shi da ubangida, wa ke ciyar da shi?

Nan ne gizo ke saƙa. A Dutse ba al'adarmu ba ce mutum ya biya kuɗi a ƙofa don kawai ya zauna ya saurari waƙa. Ba wai don ba mu san biyan kuɗin ƙofa ba ne. Ku leƙa gidajen kallon ƙwallo ranar da Real Madrid ko Arsenal ke wasa, za ku ga samari sun yi layi kowa da kuɗinsa a hannu, babu mai neman alfarma. Bature mai buga ƙwallo a Ingila ya ci kuɗinmu, ɗan unguwarmu mai waƙa kuwa sai dai a ce, "Turo min ta Xender." Wanda ya fi kowa cin moriyar waƙar ma shi ne mai shagon cajin waya da ke tura wa mutane ita a kan 'yan kuɗi kaɗan, ko sisi ba ya kai wa mai ita. Intanet ɗin da ake ta faɗa, su YouTube da TikTok, ba sa ba da abin kirki sai ga wanda masu kallonsa suka yi yawan gaske, wanda kuwa ya kai wannan matsayi ba ya zama a Dutse. Ya bi ta Kwanar Huguma da Wudil ya tare a Kano, inda situdiyo da masu finafinai suke. Garinmu ya zama gandun raino: mu rena, Kano ta ɗauka.

Wanda ya rage a gida sai ya dogara da biki. Amma mu dubi yadda kuɗin biki ke zuwa. Ba a biyan mawaƙi don a saurare shi, liƙi ake yi masa, liƙi kuwa ba kuɗin waƙa ba ne, kuɗin ambato ne. Mai liƙi yana sayen jin sunansa a lasifika ne, da sunan babansa, da na shagonsa, a gaban 'yan mata da abokan hamayya. Da ya gama zuba abin da ya zo da shi ya koma kujerarsa, ba ruwansa da baiti na gaba. (Dokar Babban Banki ta 2007 ma ta haramta yi wa naira wannan watsi, har hukumar EFCC ta gurfanar da wasu a kansa a 2024, amma wannan wata magana ce daban.) Saboda haka yaron da ya shigo da waƙa mai ma'ana, ya kwana uku yana gyara ta, da sauri yake gane cewa baitin da ya wahala a kansa ba ya kawo komai, jera sunaye ke kawowa. Mun kira shi da sunan mawaƙi, mun mai da shi sanƙira da hannunmu. Abin takaici kuma, sau da yawa ba ma waƙar yake yi a gabanmu ba; DJ ne ke sakin abin da aka ɗauka a situdiyo, shi yana riƙe da makirfo yana motsa baki. Don me zai ɗauko mai kalangu da 'yan amshi ya raba ɗan abin da ya samu da su, tun da ba mu taɓa nuna mun san bambancin ba? Masu bege da mandiri a majalisi da wuraren maulidi su ne ma suka fi riƙe rerawa ta gaskiya, da murya da numfashi, ko da yake su ma liƙin bai ƙyale su ba.

Sai kuma babbar kaka, wadda ke zuwa bayan shekara huɗu-huɗu. Duk wanda ke Dutse a watannin da suka gabaci zaɓen 2023 ya ji yadda motoci masu lasifika suka hana gari sakat. A wannan lokaci ne mawaƙi ke sayen babur, ya biya bashin situdiyo, wani ma ya yi aure. Ɗan takarar kansila yana son tasa, na majalisa yana son tasa, kowanne kuma so yake a ce shi ne hadarin da ya taso daga gabas, abokin karawarsa kuma a yi masa zambo. A nan ne mu masu ilmin boko muke samun abin faɗa. Sai mu zauna a majalisa muna cewa yaran nan sun zubar da mutuncin waƙa, sun zama 'yan amshin shatan barayin gwamnati, yau su yabi wannan, gobe in ya faɗi su zage shi. Maganar kuwa ba ƙarya ba ce. Abin da ba mu faɗa shi ne, ɗan siyasar nan shi kaɗai ne a duk garin ya taɓa kiran yaron ya tambaye shi, "Nawa ne kuɗin aikinka?"

A ganinmu 'yancin mawaƙi ba abu ne da yake ɗauke da shi a ƙirjinsa kawai ba, abu ne da masu sauraronsa ke saya masa, ko su ƙi. Mutumin da abincinsa ke fitowa daga aljihu ɗaya, harshensa na hannun mai aljihun. Wanda nasa ke fitowa daga aljihu dubu, kowanne da ɗan kaɗan, babu wani mutum guda da zai iya rufe masa baki, domin in ɗaya ya yi fushi saura suna nan. Mu dubi marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Da kuntiginsa shi kaɗai ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba shi da rigar ba shi, ba shi da doki. Ya iya yin haka ne domin talakawa sun karɓe shi, suna taruwa a kansa, suna sayen faifai da kaset. Haka marigayi Haruna Uji na Haɗeja, ɗan wannan jiha tamu, gurminsa ya zaga ƙasar Hausa ne a kan kunnen direbobi da 'yan kasuwa da matan aure. Shata kansa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya yabi masu mulki da masu kuɗi ba adadi, amma kowa ya san tsoronsa suke ji fiye da yadda yake jin nasu, saboda jama'ar da ke bayansa ta fi ƙarfin kyautar mutum ɗaya. A Legas ma, Fela ya iya faɗa wa sojoji abin da ya faɗa ne domin yana da gidan wasansa na kansa inda mutane ke biya su shiga. Bai tsira ba, gama an ƙone masa gida a 1977, amma ba a taɓa sayen bakinsa ba.

Mu marubuta bai kamata wannan magana ta zama baƙuwa a wurinmu ba. A farkon shekarun 1990, lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka juya wa Hausa baya, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da sauran tsararsu da kuɗin wa suka tsaya? Da 'yan canjin matan aure da 'yan makaranta ne, waɗanda ke aikawa kasuwa a sayo musu littafi. Shi ya sa suka rubuta abin da suka ga dama game da auren dole da kishi da sakin wulaƙanci, aka yi ta surutu, amma ba wanda ya iya tsayar da su. Ku gwada wannan da abin da muke kira ƙaddamarwa a yau, inda mai kuɗi zai sayi kwafi ɗaya a kan abin da ya fi albashin malami, ya miƙa wa direbansa, ba zai taɓa buɗe shi ba. Wannan ma ai liƙi ne, sai dai an sa masa babbar riga. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban babban baƙo yana karanto masa kirari kafin ya faɗi abin da zai bayar, to ya sassauta murya in yana zagin mawaƙin siyasa.

Mai karatu na iya cewa mun wanke yaran nan tas, mun ɗora wa jama'a laifin duka. Ba haka muke nufi ba. Yunwa ba ta halatta ƙarya, kuma wanda ya san mutum azzalumi ne ya kira shi adali don babur, ya yi abin kunya, ko da me ya tura shi. Babu wanda aka ɗaura wa waƙa dole. Ga gona, ga kasuwar Shuwarin, ga ɗinki. Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan nauyi: jama'a ma ubangida ce, wani lokaci ma ta fi ɗan siyasa mugunta. In taro ne ke biya, taro na iya cewa batsa yake so, da habaici, da rawar da ba ta dace ba, mawaƙi kuma ya bi. Mun ga haka a TikTok, ba sai an ba mu labari ba. A Turai, Mozart ya bar hidimar ubangidansa a 1781 ya koma Biyana yana rayuwa da kuɗin masu zuwa sauraro da na ɗalibai, ya kuwa ɗanɗani daɗin hakan da ɗacinsa, domin akwai shekarun da sai da ya yi ta rubuta wasiƙun neman rance. Kuɗin jama'a ba ya mai da mawaƙi mutumin kirki. Abin da yake yi kawai shi ne ya buɗe masa ƙofar zama hakan in ya so, ƙofar da a yanzu take a rufe.

Amma ko wannan ƙorafi, in an bi shi a hankali, kanmu yake dawowa. Wane ne taron? In masu hankali da masu kunya suka janye, suka ce wurin waƙa ba wurin zuwansu ba ne, suka koma ɗaka suna jin ta a ɓoye a kyauta, to sun bar wa wasu filin ke nan, kuma waɗanda suka rage su za su faɗi irin waƙar da za a yi. Ba za mu ƙaurace wa kasuwa ba sannan mu yi kukan ba a kawo irin hajarmu. Mu malaman makaranta ma da muke koyar da waƙar baka a aji, muna sa yara su haddace rabe-raben makaɗa kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara su, sau nawa muka taɓa gayyato mai gurmi ko mai kukuma ya zauna a gaban ɗalibai, mu biya shi kamar yadda ake biyan duk wani baƙon malami? Mu dai ba mu taɓa ba. Kuma in za a bi ta gaskiya, mu da ke karɓar albashi daga aljihu ɗaya, sau nawa muka haɗiye magana don gudun a tura mu ƙauyen da ba mota? Ba mu fi yaron nan jarumta ba, sai dai namu shirun ba a sa shi a lasifika.

Kafin ya tafi a ranar nan, mun tambaye shi ko yana da wata waƙa da ba wanda ya sa shi. Ya ce akwai guda, wadda ya yi a kan ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya ci gonaki da gidaje a wajen Ringim da Miga da Jahun, har da gonar shinkafar kawunsa. Ya ce bai shiga situdiyo da ita ba, domin kuɗin ɗauka daga aljihunsa zai fito, ba kuwa mai mayar masa. Muka ce ya ɗan rera mana. Telan ya kashe wayarsa, ya ɗaga ƙafa daga kan keke. Yaron ya zauna a gefen benci yana ƙwanƙwasa shi da 'yan yatsu, ya rera baiti kamar bakwai da muryar da ba inji a cikinta, babu sunan kowa a ciki sai na garuruwa da na hatsi. Wani mai sayar da dabino ya ajiye farantinsa ya tsaya, yara biyu suka leƙo daga soro.

Da ya gama aka yi shiru. Muka sa hannu a aljihu, muka taɓo naira ɗari biyar, sai kuma muka tsaya. In muka miƙa masa a nan bakin titi, a gaban mutane, mun mai da shi abin da ya ce shi ba shi ba ne. In muka bar ta, mun sha ruwan rijiyar a banza kamar kullum. Muna cikin wannan saƙe-saƙe aka kira sallar magariba a masallacin unguwa. Ya miƙe ya ce, "Malam, a sa mu a addu'a," ya tayar da babur ɗinsa, kuɗin na nan a hannunmu cikin aljihu.